Hannun da Ya Saba da Soson Ƙarfe

Ba wanda ya ƙara kiranta da sunanta na yanka tun shekarar da ta kama aikin wanke-wanke a babban gidan abincin da ke bakin tasha. Ƙal-ƙal ake ce mata, kuma ta ci sunan. Tukunyar da mutum uku suka gwada suka ajiye, suka ce ƙonuwar ta shiga jikin ƙarfe, ita ake turo wa. Sai ta ɗaure zani sama, ta durƙusa, ta kama soson ƙarfe, kafin mai dafuwa ya gama mita ga tukunya tana ɗaukar ido. Shekara goma sha tara ta yi a wani ɗan lungu da ke bayan kicin, tsakanin famfo biyu da makwararar ruwa, inda tururi ke tashi tun safe har la'asar. A wannan lungu ta koyi darasi guda, ta riƙe shi gam: duk abin da ya ƙi fita, ba a dirza shi da kyau ba ne.

Aikin ya bar mata shaida a hannu. Tafinta ya yi kanta, yatsunta sun yi kaushi, gefen faratanta duk a tsattsage saboda garin sabulu da bilic. Tana iya sauke tukunya daga wuta ba tsumma. Abokan aikinta na tsokanarta cewa in ta gaisa da jariri sai an kai shi asibiti, ita ko ta yi dariya ta ce ai ba raino aka ɗauke ta ba. Abin da ba ta lura da shi ba, kuma ba wanda ya gaya mata, shi ne hannun ya daina jin nauyin kansa. In ta ce ta taɓa abu a hankali, to ta murje shi ke nan.

Abin mamaki, 'yar mai gyaran agogo ce. Babanta, wanda kowa ke kira Mai Agogo, ya yi shekara arba'in a bayan wani ɗan teburin gilashi a barandar wani shago, madubin ƙara girma a maƙale a ido, yana juya noti ƙanana kamar ƙwayar yashi. Hawan jinin ido ya cinye masa na dama tun yana kan aiki, aka gano shi a makare. Na hagu kuma yanar ido ce ta rufe shi sannu a hankali, har ya zama shekara uku ba ya ganin komai sai haske da inuwa. Tun da mahaifiyarta ta rasu, Ƙal-ƙal ta ɗauko shi ya dawo wurinta, ciki da falo a wani gidan haya. Aurenta ya mutu tuntuni, ba ta kuma sake neman wani ba. Tana da yaya guda, direban babbar mota, wanda muryarsa a waya ta fi ƙafarsa zuwa gidan. Shi tsohon ba ya kiranta Ƙal-ƙal. Uwata yake ce mata.

Da aka ce likitan ido zai zo asibitin gari ya yi mako guda yana cire wa mutane yanar ido, ta kai Baba aka duba shi tun kafin ya iso. Likitan da ya haska idon ya ce za a iya ceto shi, amma yanar ta nuna ta wuce misali, ba ta jiran wani zuwan, don babban likitan sai bayan wata shida yake dawowa. Aka rubuta sunan Baba a aikin ranar Laraba ta ƙarshen wata. Suna fita, wata nas da mutane suka yi wa rumfa ta ɗaga murya ba tare da ta dubi kowa ba.

"Masu aikin ido, a riƙa tsabtace musu fuska sosai kafin ranar!"

Da wani ne ya ji, da ya wanke fuskar tsoho da ruwa ya wuce wurin. Amma Ƙal-ƙal ce ta ji, kuma a kunnenta kalmar sosai ba ta da ma'ana biyu. A hanyar gida ta sayi sabulun kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfin wari, da sabon soso. Kullum da safe kafin ta tafi aiki, da yamma in ta dawo, sai ta dafa ruwa, ta zaunar da Baba a kujerar roba a bakin ƙofa, ta tallafe masa ƙeya, ta dirje fuskar tun daga goshi har haɓa. Gefen ido ta fi bai wa ƙarfi, tunda nan za a yi aiki.

Kwana biyar da farawa, wani fari-fari ya fito a fatar idon, yana ɓarewa kamar dusa. Ta ce lalle, ashe dauɗa ce ta shekaru take tasowa, sai ta ƙara zafin ruwa. Bayan mako biyu wurin ya yi ja, ƙasan idon ya yi tsamo-tsamo, kusurwar ta tsage. Baba kan riƙe hannun kujera da ƙarfi in ta fara, amma bai taɓa cewa uffan ba. In ta gama ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Uwata," ya lalubi baƙin tabaraunsa ya mayar.

Saura kwana tara aiki aka kira su gwajin ƙarshe. Wannan karon babbar nas suka samu, wata doguwar mace mai furfura a gaban goshi, wadda kowa ke kira Sista. Ta auna jinin Baba, ta rubuta, sannan ta ce ya cire tabarau. Da ya cire, biron da ke hannunta ya tsaya cak.

"Wa ke kula da shi?"

"Ni ce, Sista. 'Yarsa ce ni."

"Da me kike wanke masa fuska?"

Ƙal-ƙal ta buɗe jaka da sauri, har da ɗan murmushinta, don ta zo da kayan ko za a tambaya. Ta ɗora sabulun da soson a kan tebur. Sista ta ɗauki soson da yatsu biyu, ta juya shi, ta dubi Baba, ta dubi 'yar.

"Baiwar Allah, wannan fuskar mutum ce fa, ba gindin tukunya ba."

Ba ta san sana'ar Ƙal-ƙal ba, bakinta ne kawai ya faɗa daidai. Maganar ta soki Ƙal-ƙal har ƙashi. Ta ce, "An ce a tsabtace sosai. Ga dauɗar nan tana fita, Sista, dubi farin nan."

"Ba dauɗa ba ce, fatarsa ce. Fatar da ke zagaye da ido ta fi ta ko'ina a jiki siranta, kamar ɓawon albasa take, ta tsoho kuma ta fi. Tana da ɗan maiƙonta da ke tsare ta. Kin wanke maiƙon da sabulu, kin ƙone da ruwan zafi, kin bi da soso kin kankare. Ta bushe, shi ya sa take ɓarewa." Ta haska kusurwar idon hagu da 'yar tocila. "Kin ga nan? A buɗe yake. Likita ba zai yi aiki kusa da fatar da ta tsage ba. In ƙwayar cuta ta bi ta shiga idon, shi ke nan, kuma kin san ba shi da na biyu."

Ƙal-ƙal ta matso ta dubi kusurwar idon.

"To yanzu fa?"

"Ku dawo ranar Talata, jajibirin aiki. In ta warke, sunansa na nan. In ba ta warke ba, zan cire shi in sa wani, mutane na jira. Ba mugunta ba ce."

Sista ta sassauta murya ta yi mata bayani dalla-dalla. Soso da sabulun su tafi kwandon shara. A tafasa ruwa a bar shi ya huce, sai ya zama ɗumi-ɗumi kamar na wankan jariri. A jiƙa auduga a ɗora a kan rufaffen ido ta ɗan jima, don ɓawon ya yi laushi. A shafa sau ɗaya tak, daga gefen hanci zuwa waje, a jefar da audugar, kowane ido da tasa. A tsane da ƙyalle mai laushi, dangwalawa ake yi ba gogewa ba. Sannan ta ba ta wata 'yar kwalba ta farin mai mara ƙamshi, ta ce a lakuto kamar ƙwayar shinkafa a shafa a fatar, kada ya shiga cikin idon. Safe da yamma.

"Abu na ƙarshe," in ji Sista, ta kafe ta da ido. "Duk ɓawon da kika ga ya ɗago, ki bar shi. Ko yana lilo ne, ki bar shi ya faɗi da kansa."

Suka hau mota suka koma gida. Sai da suka shiga ɗaki ta rufe ƙofa, sannan ta durƙusa a gabansa.

"Baba, me ya sa ba ka ce da zafi ba? Mako uku fa!"

Tsohon ya yi ɗan murmushi. "Uwata, kina tashi da asuba ki dafa ruwa saboda ni, ki je ki wuni a tsugune, ki dawo ki sake dafawa. Da wane bakin zan ce miki da zafi? Na zaci haka maganin yake."

Ta yi kuka mai isarta, ta share fuska, ta ɗora ruwa. Ta bi duk abin da Sista ta ce, ɗaya bayan ɗaya, tana maimaitawa a baki. Ta jiƙa auduga, ta ɗora, ta jira. Ta shafa sau ɗaya, a hankali, iyakar hankalin da ta sani. Baba ya ja numfashi ta tsakanin haƙora. Da ta duba audugar, ga ɗigon jini a jiki.

Washegari ma haka aka yi. Ilimin ya shiga kai, amma bai sauko hannu ba. Ita a jin ta ko taɓa shi ba ta yi, alhali fatar tana bin audugar tana jawuwa. Kaushin yatsunta ma yana kama zaren audugar. Kwana biyu suka tafi daga cikin takwas, tsagewar tana nan yadda take, in ma ba ta ƙaru ba.

Rana ta uku bayan la'asar, ta dawo daga aiki ke nan, Yaya ya kira. Ita ta gaya masa gaskiya tun farko, don ba ta iya ɓoye-ɓoye ba, shi kuma ya kwana biyu yana tara faɗa a kan hanya. Muryarsa ta cika ɗakin, ga ƙugin mota a bayanta.

"Ke wace irin mutum ce? Uban namu za ki makantar? Gobe zan turo matata ta ɗauke shi, ita ta san yadda ake riƙe mutum. Ke ki koma wurin tukwanenki!"

A ranta Ƙal-ƙal ta yarda da shi. Har ta buɗe baki za ta ce to, sai Baba ya miƙo hannu yana lalube a iska. Ta sa masa wayar.

"Kai, direba," in ji shi. "Shekara uku wa ke yanke mini farce? To ka ji. Ita ta ɓata, ita za ta gyara. Ka kula da titi." Ya miƙa mata wayar ta kashe, don shi bai san inda ake dannawa ba.

Maimakon ta ji sanyi, sai tsoro ya ƙara kama ta. Yanzu ba ta da inda za ta tura nauyin. In Talata ta zo fatar ba ta warke ba, ba wanda za a duba sai ita, kuma tsohon zai ƙare rayuwarsa a duhu saboda ya tsaya mata.

"Baba, Yaya ya yi gaskiya. Hannuna ba na wannan aikin ba ne."

"Ɗauko mini gwangwanina a ƙarƙashin gado."

Tsohon gwangwanin alawa ne da yake ajiye kayan aikinsa, ba a buɗe shi ba tun da ya bar baranda. Ya lalubi ciki, ya wuce ƙananan sukurdireba da ɗan burushi, ya zaro wani ƙunshin farar takarda siririya wadda yake naɗe kayan cikin agogo da ita. Ya sa ta ɗauko faranti, ta shimfiɗa takarda guda a kai, ta yayyafa mata ruwa har ta manne.

"To, share ta da auduga. Kada ta yage."

Ta shafa, takarda ta yage. Ta sake shimfiɗa wata, ta yage. Ta bakwai ma ta yage, Baba yana jin ƙarar tsakinta yana ƙirgawa.

"Da wane yatsa kike yi?"

"Manuni da babba."

"Ai shi ya sa. Waɗannan 'yan dako ne, ba su san wasa ba. Kawo hannun." Ya bi yatsunta ɗaya-ɗaya har ya kai na kusa da ƙaramin. "Wannan. Shi ne malalacin gidan, bai taɓa ɗaukar kaya ba. Naɗa masa audugar. Ki jingina gefen hannunki a kan faranti, kada ki bar shi yana yawo a sama, nauyin kafaɗarki duk zai sauka a kai. Kuma ki saki numfashi kafin ki taɓa. Mai riƙe numfashi hannunsa rawa yake yi."

Ta gwada. Takardar ta yamutse amma ba ta rabu ba.

"Matso nan," in ji shi. "Rufe ido."

Ta rufe. Ya lalubi goshinta, ya sauko, ya ɗora yatsa guda a kan fatar idonta ya ja shi zuwa gefe. Da ba ta san yana yi ba, da ta ce iska ce. Rabon da Baba ya taɓa fuskarta tun tana 'yar shekara bakwai, ranar da ƙwaro ya faɗa mata ido ya cire da bakin hankici.

"Kin ji? Iyakarsa ke nan. Duk abin da ya wuce haka, faɗa ne." Ya ɗan shinshina. "Kuma hannunki warin bilic yake, tun daga nesa idona ke yaji. Ki ɗauraye shi da kyau, ki yanke farce, ki shafa masa man nan shi ma."

Da yammar ranar ba a ga jini a auduga ba.

Daga nan Ƙal-ƙal ta zama abin kallo a wurin aiki. Lokacin hutun rana, maimakon ta miƙe ƙafa, sai a gan ta a gefen famfo da faranti da jiƙaƙƙiyar takarda, tana shafawa da yatsa guda, harshe a waje. Mai dafuwa ya ce Ƙal-ƙal ta fara koyon rubutu da tsufanta. Ta sayi safar hannu ta roba, ita da ta sha yi wa masu sawa dariya tana ce musu 'yan gayu. Ranar Asabar uwar ɗakinta mai gidan abincin ta same ta tana dangwala wa wata tukunya tsumma kamar mai lallashi, ta tsaya ta riƙe ƙugu ta tambaye ta ko lafiya. Ita dai ta ci gaba da abinta. Hankalinta yana gida, a wata kusurwar ido da ba ta kai faɗin farce ba.

Kowace safiya takan ja kujerar Baba bakin taga, ta sunkuya ta duba tun kafin ta ɗora ruwa. Jan ya fara ja da baya. Farin ɓawon ya ragu, wanda ya yi laushi yakan biyo audugar da kansa, sauran ta bar shi ko da yana ci mata rai. Ƙasan idon ya daina tsamo-tsamo, ya fara sheƙin mai. Amma tsagewar kusurwar hagu ta yi taurin kai. Ta bushe, ta yi wani ɗan ɓawo baƙi-baƙi kamar ƙwayar riɗi, ya zauna daram. Lahadi yana nan. Litinin yana nan, sai dai gefensa ɗaya ya ɗan ɗago.

Ranar Talata ta tashi tun da asuba. Ta zaunar da Baba a bakin taga. Ko'ina ya yi kyau, fata ta kwanta lumui, in ban da wannan ɓawon, wanda yanzu ya ɗago rabi yana reto. Shi kaɗai ne Sista za ta gani. Ƙal-ƙal ta ɗora jiƙaƙƙiyar auduga, ta ƙirga ɗari, ta ɗaga. Yana nan. Ta sake ɗora wata, ta ƙirga ɗari biyu. Yana nan, yana kallonta.

Shekara goma sha tara ba ta taɓa mayar da tukunya kan kanta da ɗigon baƙi a jiki ba. Hannunta ya tashi da kansa, babban yatsa da manuni, 'yan dakon nan, suka matso. Abu kaɗan ne, ɗan tsinke shi kawai, ko ji ba zai yi ba. In ƙarƙashinsa ya warke, za su shiga asibiti fes. In kuma ɗanye ne, jini zai fito, kuma ba sauran kwana ko ɗaya. In ta bar shi, Sista na iya ganin baƙin ta ce bai warke ba. Ta ko'ina akwai hanyar faɗuwa. Zufa ta keto mata a goshi, farcenta ya kai har yana taɓa gashin ido.

"Uwata," in ji Baba, idonsa a rufe. "Kin riƙe numfashi."

Ta saki numfashin. Ta janye hannun, ta cusa shi a ƙarƙashin hammata kamar wanda zai gudu. Ta tsane fuskar da ƙyalle, dangwale-dangwale, ta kewaye ɓawon ba ta taɓa shi ba. Ko tabarau ba ta bari ya sa ba, don kada ƙarfen ya goge wurin. A mota ta zauna ta gefensa na hagu ta kare shi da kafaɗa, duk wanda ya matso da kaya ta harare shi.

Awa uku suka yi a layi. Ta ga an fito da wata tsohuwa da aka ɗage wa aiki saboda hawan jini, 'ya'yanta na ta roƙo, Sista na girgiza kai. Da aka kira su, ta kama hannun Baba suka shiga.

Sista ta kunna tocila. Ta duba dama, ta duba ƙasan hagu, ta ce, "Uhm." Sannan hasken ya tsaya a kusurwa.

"Wannan fa?"

"Ban taɓa shi ba, Sista. Wallahi na so, amma ban taɓa ba."

Sista ta juya. Ta ɗauko ɗan tsinke mai auduga a kai, ta jiƙa, ta kai shi kusa. Ko shafawa ba ta yi ba, ta ɗan jingina shi ne kawai, ɓawon ya saki ya faɗo a kan rigar Baba. Ta matso da tocilar sosai. Ƙal-ƙal ta runtse ido, ba za ta iya kallo ba.

"Sabuwar fata ce, a rufe take," in ji Sista. "Amma jaririya ce. Da kin fizge shi da farce, da ta biyo shi." Ta je ta kira likita, shi ma ya haska ya gyaɗa kai. Ta jawo takardar sunaye ta yi alama. "Gobe ƙarfe bakwai. Da safe ruwa kawai, kada a shafa mai." Ta dubi hannun Ƙal-ƙal na ɗan lokaci. "Ke kika yi da kanki?"

"Ni ce. Shi ya koya mini."

Aka yi aiki ranar Laraba. Ranar Alhamis da safe Sista ta ɓare bandejin a hankali, ta goge gefen idon, ta ce ya buɗe. Baba ya ƙifta, ya ƙifta, hawaye na zuba saboda haske. Ya dubi taga, ya dubi agogon bango ya ce yana latti da minti huɗu, Sista ta duba nata ta fashe da dariya. Sannan ya juyo ya sami 'yarsa tsaye a gefen gado, ta haɗe hannaye a ƙirji. Ya daɗe yana kallonta.

"Uwata, ashe kin tsufa."

"Kai Baba, abin da za ka fara faɗa ke nan?"

"Matso." Ta sunkuyo. Murmushinsa ya ɗauke. Fatar idanunta ita ma a bushe take, ta yi fari-fari tana ɓarewa, ƙasan ya yi ja. Shekara da shekaru tururi da sabulu na dukanta, ita kuma tana sharce zufa da bayan hannu mai kumfa, in ta dawo gida ta dirje da soso. Ba ta taɓa ɗaukarsa wani abu ba, kuma a gidan ba mai idon da zai gani.

Suka koma gida. Ta shimfiɗa masa gado, ya ƙi kwanciya. Ya ce ta tafasa ruwa ta bar shi ya huce. Ta zaci nasa ne, ta kawo da auduga da 'yar kwalbar mai.

"Zauna a kujerar," in ji shi.

"Baba, an ce kada ka sunkuya fa."

"Shi ya sa za ki zauna a mai tsawon, ni in tsaya. Rufe ido."

Ta zauna a bakin taga, inda ya saba zama. Ta ji ɗumin auduga ya sauka a kan idonta, ta ji gefen hannunsa ya jingina a kumatunta, ta ji ya saki numfashi. Yatsa guda ya bi daga gefen hanci zuwa waje, sau ɗaya. Haɓarta ta fara rawa, ta cije leɓe, amma abin ya fi ƙarfinta.

"A'a, a'a," in ji Mai Agogo, yana tsane mata da bakin ƙyalle. "Hawaye gishiri ne, Uwata, za ki ɓata mini aiki. Tsaya cak, saura ɗayan."